Maganin Gargajiya a Ƙasar Ma'adinai: Yadda Ake Kare Ganye da Saiwa Daga Ƙarafa Masu Guba

Ganyen Abzin ya daɗe da yin suna. Tun zamanin ayari fatake ke saukowa da tazargade da filasko daga duwatsun arewa zuwa Damagaram da Katsina da kasuwar Kurmi ta Kano, kuma har yau matan Abzinawa masu magani suna hawa dutsen Bagzan neman ganyayen da suka gaji saninsu daga iyaye da kakanni. Sai dai ƙasar da Allah ya albarkata da waɗannan tsirrai ita ce kuma ya cika cikinta da ma'adinai. A Anou Araren, daura da Tchirozerine, kimanin kilomita 75 daga Agadez, kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 yana haƙar gawayin ƙasa tun 1980, yana ƙona shi a tashar da ke ba Agadez da Arlit da Tchirozerine wutar lantarki. A Arlit an fara haƙar yuraniyom a 1971. A 2014 kuma zinariya ta ɓulla a Djado da Tchibarakaten, injinan niƙa dutse suka bazu a jihar Agadez.

Zama kusa da mahaƙa kaɗai ba ya tabbatar da cewa ganye ya gurɓata, awo ne ke tabbatarwa. Amma wanda ke ɗibar magani a irin wannan ƙasa dole ya san abin da kakanninsa ba su buƙaci sani ba. Itace yana shan abin da ke ƙarƙashinsa, ganye yana riƙe ƙurar da ta sauka a kansa, kuma ƙarfe in ya shiga magani babu dabarar gida da ke fitar da shi. Aikin duka shi ne a hana shi shiga, tun daga wurin ɗiba har zuwa ƙoƙon marar lafiya. An shirya wannan jagora domin masu maganin gargajiya, da unguwarzoma, da 'yan kasuwar ganye, da uwar da ke haɗa wa iyalinta jiƙo a gida.

Ƙarafan da ake tsoro

Dalma ita ce kan gaba, wato ƙarfen nan mai nauyi da taushi da ke cikin batirin mota da na sola. Ana samun ta kuma a tsohon fenti, da kwallin dutse, da wasu duwatsun zinariya. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, tana rage jini, tana kawo hawan jini da ciwon ƙoda ga manya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jiki da aka san ba ya cutarwa, kuma cikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da cikin babba ke tsotsewa.

Zaiba ita ce masu aikin zinariya ke cuɗawa da niƙaƙƙen dutse, su ƙona ta ta tashi a hayaƙi. Tana fita kuma cikin hayaƙin gawayin ƙasa. Tana kawo karkarwar hannu da mantuwa da lalacewar ƙoda, tana kuma cutar da ɗan tayi.

Arsenik yana cikin tokar gawayin ƙasa da wasu duwatsun zinariya da ruwan wasu rijiyoyi. In an daɗe ana shan sa, fata kan yi tabo-tabo, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, daga baya yakan kai ga sankara. Kadmiyom yana zuwa ta wasu takin zamani da batura da tokar bolar da aka ƙona, yana taruwa a ƙoda shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita, yana kuma raunana ƙashi. Yuraniyom, ban da tururin da aka san shi da shi, ƙarfe ne mai cutar da ƙoda.

Halaye uku suka haɗa su. Ba su da wari ko ɗanɗanon da mutum zai gane a cikin magani. Wuta ba ta kashe su: tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma in ruwa ya ƙone ya ragu, ƙarfen da ke ciki ƙara kauri yake yi. Sannan taruwa suke a jiki kaɗan-kaɗan, shi ya sa maganin da ake sha kullum wata da watanni, irin na basir da hawan jini da ciwon suga da ƙarin ƙarfi, ya fi buƙatar kulawa.

Mataki na 1: Zaɓen wurin ɗiba

A 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin noma da tattara tsirran magani, ta hana ɗiba a gefen hanya, da bakin magudanar ruwa, da kusa da tulin ƙasar ma'adinai, da bola, da masana'antu. Ga yadda wannan zai kasance a ƙasarmu.

Dubi iska. A lokacin hunturu iska daga arewa maso gabas take kaɗawa, saboda haka ƙura da hayaƙin kowace mahaƙa ko tasha kudu maso yamma suke nufa. Da damina iska takan juyo daga kudu maso yamma. Itace mai shekaru ya sha duka biyun. Ka nemi gefen da iska ba ta yawan bi, ka yi nisa sosai. In kana jin warin hayaƙi, ko kana ganin toka-toka a kan duwatsu da ganyaye, ba ka yi nisa ba tukuna.

Dubi ruwa. Kori, wato rafin damina, in ya taso yana kwashe abin da ya tarar a hanya ya zube shi inda gudunsa ya ragu. Bagaruwa da aduwa da goriba sun fi kyan gani a irin wannan laka, kuma nan ne ƙarfe ke kwanciya in akwai mahaƙa ko wurin wankin zinariya a sama. Kafin ka sa gatari ka tambayi makiyaya daga ina wannan kori ya taso, me ya ratsa. Ka ɗiba a saman wurin aiki, kada ka ɗiba a ƙasansa.

Dubi hanya. Titin Tawa zuwa Agadez zuwa Arlit ya shekara da shekaru yana ɗaukar manyan motocin ma'adinai. An daina sayar da fetur mai dalma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara tun farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya da ta bari a 2021, amma dalmar da ta riga ta sauka gefen titi ba ta ruɓewa. Ka bar aƙalla taku 100 tsakaninka da kwalta, in ka ninka ya fi.

Dubi tarihin wurin. Fili yana iya zama fes yau alhali shekarun baya garejin gyaran mota ne, ko wurin fasa batura. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda ƙasar unguwar ta cika da dalmar tsofaffin batura. Tumfafiya da tafasa suna son bola da kango, kuma can ne bai kamata a taɓa su ba.

Mai lambun da ke noma zogale ko na'ana'a ko hulba ya kula da taki da ruwan ban-ruwa. Takin dabbobi da ya ruɓe ya fi. Kada a zuba tokar bola ko tokar gawayin ƙasa a fangali.

Mataki na 2: Ɗiba

Kowane sashe na itace da nasa hali. Saiwa ta fi riƙe dalma, ga kuma ƙasar da ke manne mata. Ɓawo yana tara ƙurar shekaru a cikin tsagoginsa. Ganye mai gashi-gashi ko danƙo ya fi mai santsi kama ƙura. Kadmiyom kuwa yakan hau har cikin ganye.

Saboda haka a zaɓi sabon toho a kan tsohon ganye, na sama a kan wanda ke jan ƙasa. In sassaƙe ne, a kankare busasshen bayan a zubar, a ɗauki na ciki, kuma a sassaƙa gefe ɗaya kawai don kada itacen ya mutu. In saiwa ce, a kaɗe ƙasarta tun a daji, a sa ta buhu daban da na ganye. Lokaci mafi kyau shi ne bayan ruwan sama ya wanke itatuwa, kafin ƙurar hunturu ta sauka.

Ka riƙa tafiya da farin ƙyalle mai laima. Shafa ganye biyar ko shida. In ƙyallen ya yi baƙi ko ruwan toka, bar wurin. Wannan ƙura kawai yake nunawa, ba ya auna ƙarfe, amma yana raba ka da wuri mafi muni tun kafin ka wahala.

Mataki na 3: Wanki

Da yawa ba sa wanke ganyen magani, wai kada ƙarfinsa ya tafi. Wankin minti ɗaya ko biyu da ruwan sanyi ba ya rage ƙarfin ɗanyen ganye, kuma yana kawar da ƙurar da ke bayansa, wadda sau da yawa ita ce ke ɗauke da kaso mai yawa na dalmar. A yi da kwano uku: na farko a girgiza, na biyu a cuɗa a hankali, na uku a ɗauraye. A riƙa tsamo ganyen daga sama, kada a juye ruwan a kansa, don laka ta zauna a ƙasan kwano. Saiwa da sassaƙe a goge su da burushi.

Ruwan wanki ya zama wanda kai kanka za ka sha. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga ruwan sha shi ne kada dalma ko arsenik su wuce maikrogram 10 a lita, yuraniyom kuma kada ya wuce 30. Wannan ba maganar nesa ba ce: rahoton da ƙungiyar Greenpeace ta fitar a 2010, bayan awon da ta yi a Arlit da Akokan tare da ɗakin binciken CRIIRAD na Faransa, ya ce 4 daga cikin samfur 5 na ruwan da ta ɗiba sun wuce ma'aunin yuraniyom na wancan lokaci. Ruwan da ya taru a ramin haƙa bayan an yi ruwan sama, ko da ya kwanta ya yi garau, ba na magani ba ne. A sani kuma wanki ba ya fitar da abin da itace ya riga ya sha ta saiwa, shi ya sa matakin farko ya fi kowanne nauyi.

Mataki na 4: Shanya

A nan ake ɓata ganye mai kyau. Shanya a gefen kwalta, ko a ƙasa tsirara, ko a kan tsohon kwanon rufi mai fenti, duk mayar da ƙurar da aka wanke ne. A kafa rumfa, a ɗaga gadon shanya ya kai ƙugu, a shimfiɗa sabuwar tabarma ko farin zane, a rufe da yadi marar kauri wanda iska ke ratsawa. Inuwa ta fi rana ga ganye mai ƙamshi irin tazargade. Ranar da guguwa ta taso a shigar da kaya ɗaki.

Kada a busar da magani a kan hayaƙin gawayin ƙasa. A lardin Guizhou na ƙasar Sin mutane sun saba busar da barkono da masara a kan murhun gawayin ƙasa a cikin ɗaki. Gawayin yankin yana da arsenik mai yawan gaske, barkonon ya shanye hayaƙin, aƙalla mutum 3,000 suka kamu da mummunar gubar arsenik. Gawayin kowace ƙasa da irin nasa haɗin, amma darasin ɗaya ne: abin da za a sha ba ya rataya a kan wannan hayaƙi. Wanda ke girki da gawayin ƙasa ya rufe tukunya, ya yi a fili, kuma kada tokarsa ta shiga ruwan toka na miya ko wani haɗin magani.

Mataki na 5: Daka da niƙa

Abin da ya faru a Zamfara ya isa kowane mai turmi ya yi tunani. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Abare, daga baya aka gano Bagega ma abin ya shafe ta. Yaro zai fara amai, ya sanƙare, ya tafi. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Da aka auna jini sai aka ga dalma ce. Dutsen zinariyar yankin cike yake da ita, mutane kuma suna kawo shi cikin gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin irin na hatsi, ana shanya shi a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Kimanin yara 400 suka rasu, aka yi wa dubbai magani, sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: duk inda ake niƙa dutsen zinariya, wannan ƙofa a buɗe take.

Ƙa'idar daka ita ce turmin magani na magani ne kawai. Turmin itace mai ƙarfi da taɓarya, marar fenti, a ajiye shi a kife. Turmin ƙarfen da aka yanka daga tarkacen mota ko bututun mahaƙa a bar shi. Kafin a kai kaya injin niƙa a tambayi mai injin ko ya taɓa niƙa dutse ko kwalli, in ya taɓa ko sau ɗaya ne a nemi wani. Ko injin hatsi ne zalla, a fara zuba ɗan kaɗan a zubar da garin farko. Mai gidan da ya dawo daga mahaƙa ya tuɓe kayan aiki da takalma a waje, ya yi wanka kafin ya shiga inda ake haɗa magani ko ya ɗauki yaro.

Mataki na 6: Dafawa da jiƙo

Tukunyar zubi, wadda maƙera ke narka tarkacen alminiyom su zuba, tana da araha da ƙarko, amma tarkacen yakan haɗa da sassan inji da lagireto masu dalma. Binciken da aka wallafa a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya nuna suna sakin dalma cikin abin da aka dafa. Tsami da daɗewa a wuta suna ƙara sakin, maganinmu kuwa sau da yawa da tsamiya ko lemun tsami ko zoɓo ake haɗa shi, a bar shi ya kwana. A yankin Arlit akwai ƙarin dalili, domin tun 2003 CRIIRAD ta ba da rahoton samun tarkacen ƙarfe mai tururin yuraniyom a kasuwar garin.

A dafa a tukunyar ƙasa marar fenti da ƙyalli, ko ta ƙarfen silba mai kyau wanda ba ya tsatsa. Tsimi da jiƙo a yi su a tulu ko ƙwarya ko kwalba. Kwanon sha mai fenti in ya fara ɓarewa ya gama aiki. Jarka da durom da suka fito daga kamfani ko wurin wankin zinariya, ko an wanke su sau goma, ba sa zama mazubin ruwan magani.

Akwai kuma bambanci tsakanin shan gari da shan ruwan jiƙo. Wanda ya haɗiye gari a kunu ko fura ya haɗiye duk abin da ke cikinsa. Wanda ya jiƙa ya tace, wani kaso ne kawai ke fita cikin ruwan, saura ya tafi da tuƙa. In maganin yana aiki ta hanyar jiƙo, a zaɓi jiƙo, a tace da farin ƙyalle, a bar gindin da ya kwanta.

Mataki na 7: Abin da ake ƙarawa

Sau da yawa ganyen lafiya lau yake, mahaɗin ne ke ɗauke da guba.

Kwalli ado ne mai asali, mutane na ƙaunarsa. Amma kwallin dutse mai nauyi da ƙyalli, da yawa daga cikin wanda aka auna a ƙasashe daban-daban dutsen dalma ne. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka suka sami dalma a jinin jariri ɗan wata 6, suka bi sawu har zuwa kwallin da aka kawo daga Najeriya ana sa masa. Da aka auna kwallin, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, ta nan take shiga. Kada a sa wa jariri kwallin dutse a ido ko a cibiya, kada a zuba shi cikin maganin sha.

Farar ƙasar da masu ciki ke ci saboda kwaɗayi ko tashin zuciya, hukumomin abinci a Birtaniya da Amurka sun yi gargaɗi a kanta bayan sun sami dalma da arsenik a wadda aka auna. Kwaɗayin ƙasa sau da yawa alamar ƙarancin jini ne, awon ciki ya kamata a je. Baƙin garin cikin batirin tocila, da zaiba, da tokar da ba a san asalinta ba, ba su da gurbi a magani, ko na shafawa ne ko na turare. Rubutun sha a yi shi da tawadar gargajiya ta gawayin itace da ƙaro, tawadar kanti ba don ciki aka yi ta ba.

Kayan ƙamshi na waje ma a kula. A Bangaladash masu bincike sun gano a 2019 ana shafa wa kurkur sinadarin fenti mai dalma don ya ƙara rawaya. A sayi kurkur da citta da kirfa da ɗanyen jikinsu a daka a gida, a guji garin da launinsa ya yi kau fiye da kima.

Mataki na 8: Ajiya da shaida

Buhun siminti, buhun taki, bokitin fenti, tsohuwar jarida, duk a raba su da magani. A yi amfani da kwalba mai murfi, ko sabon buhun abinci, ko farar takarda. A ɗora kaya a kan katako, nesa da batirin sola da man inji. A kasuwa a rufe tire, domin garin da ya wuni a buɗe gefen titi ya koma inda aka fara.

Kowane buhu ya sami shaida: sunan itacen, sashen da aka ɗiba, wurin ɗiba, wata da shekara. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Kada a gauraya kayan wurare biyu. Ranar da awo ya nuna matsala, wannan 'yar takarda ce za ta nuna wane kori za a bari, maimakon a zubar da kayan shago duka.

Mataki na 9: Awo

Ido ba mudu ba ne, kuma a wannan fage ko kima bai sani ba. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ga busasshen ganyen magani shi ne kada dalma ta wuce miligram 10 a kilo, kadmiyom kuma miligram 0.3. Kwallin nan na Boston ya ninka ma'aunin dalmar fiye da sau 80,000.

A Nijar, ɗakin binciken ƙasa na LANSPEX da ke Yamai shi ne mai duba ingancin magunguna da abinci da ruwa, akwai kuma sashen kimiyyar sinadarai a Jami'ar Abdou Moumouni. A Najeriya NAFDAC ce ke rajistar magungunan gargajiya da aka ƙulla don sayarwa. A fara tuntuɓa a ji irin awon da suke yi da kuɗinsa. Wajen ɗibar samfur, a ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, a gauraya, a cika kamar tafi biyu a sabuwar leda, a rubuta shaida, a ajiye irinsa a gida. A kai shi yadda ake sayar da shi, in gari ne gari, don awon ya haɗa da abin da turmi da inji suka ƙara. A nemi sakamako a rubuce.

Awo yana da tsada ga mutum ɗaya, amma masu maganin gari guda da ke ɗiba a wurare guda suna iya haɗa kuɗi ta ƙungiyarsu, su fara da kayan da aka fi sha da waɗanda ake ba yara da masu ciki.

Ga mai saye

Tambayi mai magani inda aka ɗebo, wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan tambaya. Fifita ganye da saiwar da kake gani da idonka a kan garin da ba ka san haɗinsa ba. Guji ƙulli marar suna da ake yawo da shi a mota da lasifika, da gari mai ƙyalƙyali ko nauyin da ya wuce na ganye. Kada ka ɗauki wata da watanni kana shan abu ɗaya ba tare da ma'aikacin lafiya ya sani ba. Jariri kuwa, har ya cika wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ba ya buƙatar dauri. Mai ciki ta yi taka-tsantsan ninki biyu, domin dalmar da ta kwanta a ƙashinta tun tana yarinya takan motsa lokacin goyon ciki ta isa ga ɗan tayi.

In ana zargin guba

Yawancin yaran da ke da dalma a jini ba sa nuna wata alama da farko. In ta fito, takan zo da ciwon ciki, da taurin bayan gida, da rashin cin abinci, da ɗashewa, da yawan kuka ko kasala, ko yaro ya koma baya a magana da tafiya. Ga manya akwai murɗar ciki, da sanyin wuyan hannu, da ciwon kai, da ɓari a kai a kai. Amai marar tsayawa, ko sanƙarewa, ko suma, na gaggawa ne, a nufi asibiti nan take.

A dakatar da maganin, amma kada a zubar, a tafi da shi da mazubinsa. A gaya wa likita gaskiyar abin da aka sha da tsawon lokacin, a faɗa masa in akwai mai aikin zinariya ko batura a gidan. A nemi awon jini, domin shi kaɗai ke tabbatar da dalma. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce in ta kai maikrogram 5 a desilita na jini, a nemo tushenta a raba mutum da shi. A duba sauran yaran gidan. Akwai maganin asibiti mai janyo dalma daga jini, irin wanda aka yi aiki da shi a Zamfara, kuma likita ne kaɗai ke ba da shi. Madara ko filasko ko wani wankin ciki ba sa fitar da ita, gudawar ma ƙara galabaitar da yaro take yi. Abinci mai gina jini da ƙashi, irin nama da wake da zogale da nono, yana rage yawan dalmar da ciki ke tsotsewa, don haka kada a bar yaro da yunwa.

Wanda ba zai iya ɗaukar matakan nan duka a lokaci guda ba, ya fara da uku da ba sa cin kuɗi: ya ƙaurace wa gefen titi da ƙasan mahaƙa, ya ɗaga shanyarsa daga ƙasa, ya cire kwalli da duk wani dutse daga haɗinsa. Sauran su biyo baya da kaɗan-kaɗan. Kuma duk mai magani da ke da yaro a hannu yana koya masa sunayen itatuwa da amfaninsu, ya haɗa masa da sanin ƙasa da iska da hanyar ruwa, domin marar lafiyar da ya miƙo ƙoƙo amanar ransa ya miƙo.